Idan Ta Ɓaci, Wa Za Ka Kira?

Gaisuwa ga mutanen Korahane da ƙauyukanta, da na rugage da zangunan da ke kwarin Tarka, da duk wanda muryar nan ta riska a gundumar Dakoro, yana gona ne, ko bakin rijiya, ko kan hanya. Yau zancenmu na neman agajin gaggawa ne: yaushe ake kira, wa ake kira, da abin da ake faɗi idan an ɗauka. Mai alƙalami ya jawo shi kusa, akwai lambobin da zan faɗa. Wanda ba ya rubutu ya kira ɗan lakwal na gidan ya zauna kusa da rediyo.

Ƙasarmu Nijar tana da gajerun lambobi uku da ya kamata kowa ya riƙe a ka. Lamba 15 ta SAMU ce, wato ma'aikatar agajin gaggawa ta fannin lafiya. Masu tuna shekarar 2020 sun san ita aka yi ta shelantawa lokacin cutar korona. Lamba 17 ta ƴan sanda ce. Lamba 18 ta ƴan kwana-kwana ce, masu kashe gobara, waɗanda kuma su ne ke ciro wanda ya faɗa rijiya ko ruwa, da wanda gini ya danne, da wanda mota ta matse. Kiran waɗannan lambobi kyauta ne. In sake faɗi don ɗan lakwal ya rubuta: 15 lafiya, 17 ƴan sanda, 18 gobara da haɗari. Masu zuwa cin rani Kano ko Katsina su ƙara da 112, ita ce lambar Najeriya.

To amma ba zan ɓoye muku ba, dabarar gajerar lamba a birni aka haife ta. A Landan aka fara ta a 1937, inda titi ke da suna, gida ke da lamba, motar agaji kuma na tsaye bayan ƴan layuka. Mu nan, tsakanin garin Dakoro da Maraɗi kaɗai ya haura kilomita 100, kafin a zo ga rairayin da ke tsakanin Dakoro da ƙauyukanmu. Wanda ya danna 18 ya zauna yana jiran jar mota ta shigo gari cikin minti goma, ya ɗora wa lambar abin da ba ta iya ɗauka. Amfanin kiran yana nan: ana ba ka shawarar abin da za ka yi nan take, ana sanar da jami'an da suka fi kusa da kai, kuma hukuma ta san abin ya faru. Sai dai hannun da zai fara taɓa marar lafiyarka, a nan kusa yake.

Ga yadda aka jera aikin lafiya a ƙasar nan. A ƙauye akwai rele, mutumin garin da aka horar ya gane alamun haɗari. Gaba da shi akwai ɗakin shan magani. Gaba kuma sai CSI, wato cibiyar lafiya, inda majo, shugaban ma'aikatan wurin, yake, da ungozomar asibiti. Abin da ya fi ƙarfin CSI ana tura shi asibitin gunduma a Dakoro, abin da ya fi ƙarfin Dakoro sai Maraɗi. Ambilans kuwa, a bisa tsari, ma'aikacin lafiya ne ke kiranta bayan ya duba mutum ya ga sai an ɗauke shi. Don haka lambar da ta fi kowace muhimmanci a salularka ita ce ta majon CSI mafi kusa da kai. Bayanta sai ta mai kabu-kabu ko mai motar da ka san yana tashi ko da ƙarfe biyun dare ne, sannan ta maigari ko arɗo, sannan ta jandarmomin Dakoro. Waɗannan ba a rediyo za ka same su ba. Takawa za ka yi ranar da kake lafiya, ka je CSI da ofishin magajin gari, ka ce a rubuta maka, ka kuma tambayi wace lamba ce ake ɗauka da dare. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko wannan shiri. A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, sun duba dalilan mutuwar mata wajen haihuwa a ƙasashe irin namu, suka ce jinkiri uku ne ke kashewa: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku muna da hakkin mu yi ta kai kuka a kansu ga hukuma, don hanya da mota da magani nauyinta ne. Na farkon kuwa cikin gidajenmu yake kwana. Kowa a cikinmu ya san kalmominsa. A bari mu gani zuwa safe. A jira maigida ya dawo daga kasuwa. A fara jiƙa mata rubutu tukuna. Ai haka uwarta ta yi, ta kuma haihu lafiya. Da waɗannan kalmomi ake cinye awa shida, awa goma, sannan a ɗora mace a amalanke bayan ƙarfinta ya ƙare, a ce asibiti bai yi komai ba.

Iyayena mata, ku da kuke zaune a ɗakin naƙuda, da ku nake. Jinin da ke zuba bayan haihuwa yana iya ɗauke mace mai cikakkiyar lafiya cikin awa biyu. Awa biyu, wato tsakanin azahar da la'asar. In kun ga zane ya jiƙe an sake wani shi ma ya jiƙe, ko mai jego ta ce tana ganin jiri, jikinta ya yi sanyi yana gumi, a kira nan take, a kuma fara shirin tafiya ana cikin kiran. Haka in mabiyiya ba ta faɗo ba bayan rabin awa. Kada a ja cibiya, kada a danna ciki da ƙarfi. Haka in jini ya ɓalle wa mai ciki tun kafin naƙuda, kome ƙanƙantarsa. Haka in ta kama ciwon kai mai tsanani, idonta na ganin dishi-dishi, fuska da hannuwa sun kumbura, balle ta fara jijjiga. Wannan jijjigar hawan jini ne na ciki, kuma allurarta na asibiti. Idan hannu ko ƙafa ko cibiya ta riga kai fitowa, babu sauran jira. Idan naƙuda ta kama tun asuba har magariba ba a sauka ba, a tafi. Doguwar naƙuda ce ke kashe ɗa a ciki, ita ce kuma ke barin yarinya da yoyon fitsari.

Na san akwai kunya, musamman ga mai haihuwar fari da ta je goyon ciki gidan iyayenta. An koya mata dauriya, an ce mace ba ta raki. Ba na raina tarbiyyarmu, amma yarinyar da ta ciji zane ta yi shiru ba za ta ce a kira mata majo ba. Ke uwa, ke gwaggo, ke ungozomar gari, ku ne bakinta. Ku sani kuma tafiyar tana da riba. Fiye da shekaru goma da suka wuce Nijar ta baza wani shiri na tsayar da zubar jini bayan haihuwa a asibitocinta, da ƙwayoyin magani da wata rigar roba mai matse jiki har a isa babban asibiti, kuma binciken da aka buga a 2023 ya nuna mutuwar mata ta wannan hanya ta ragu da fiye da rabi. Maganin yana nan, sai dai yana aiki ne ga wadda aka kai da sauran numfashi. Mafi alheri ma a tafi haihuwa asibiti tun naƙuda na farawa, kada a jira wata alama.

Ƴan'uwana magidanta, ga namu kason. Da yawanmu da an gama girbi sai mu tafi biɗa, wani Najeriya, wani Agadas, wani Libiya. Ka bar mace da ciki wata shida, ka bar yara ƙanana, ka kuma tafi da izini a aljihunka. Ranar da abu ya taso da dare, ana neman ka a salula ba ka da rezo, ƙanenka ya ce shi ba zai yanke hukunci a kan matar wansa ba, tsohuwa ta ce a jira. Wannan jira kai ka haddasa shi, kai kuma za ka iya kashe shi da magana ɗaya kafin ka tafi. Ka tara mahaifiyarka da ƙanenka da ita matar, ka ce: duk ranar da ita ko yaro suka nuna alamar haɗari, na ba da izini a kai su asibiti, kada a nemi jin ta bakina. Ka bar kuɗin esans a hannun wanda ka amince da shi, ka gaya wa mai kabu-kabu cewa in an kira shi daga gidanka ya tashi, lissafi na wuyanka. Ko kana gari ma maganar nan tana da amfani, don ranar kasuwa ba ka gida.

Game da kuɗi, tun shekarun 2005 da 2006 dokar ƙasar nan ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce, haka awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Daga 1 ga Satumba 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin ganin likita a asibitocinta, ta ce haihuwa kyauta. Duk da haka ba wanda ke tafiya asibiti hannu wofi, akwai esans, akwai abinci, akwai maganin da wani lokaci sai an saya a waje. A wasu gundumomi, irin su Keita ta jihar Tawa, an yi dabarar ƙara dala ashirin a kan kowane mai zuwa asibiti, a tara don man ambilans. Gari ma na iya yin irin nasa. Matan da ke adashi su ware wani abu na tafiyar dare, samari su san amalanken wa da sa ko jakin wa za a ɗaura in babu mota.

Sai yara. Daga tsakiyar damina zuwa kaka zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitin Dakoro da yara, kuma mai tsananinsa yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya. Alamu huɗu nake so kowace uwa ta riƙe. Yaro ya kasa shan nono ko ruwa. Duk abin da aka ba shi sai ya amayar. Ya yi jijjiga ko ya sanƙame. Ko ya yi laushi, ana tashinsa ba ya farkawa sosai. Ɗaya daga cikinsu ta isa, ba sai sun haɗu ba. Ku ƙara da numfashi da sauri har haƙarƙari na shiga ciki, da tafin hannu da cikin ido da suka yi fari fat, da zawon da ya sa ido ya faɗa. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, da jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya ƙi nono, a tafi. In yaro na jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa jiƙo ko ruwa, kada a kanga shi a hayaƙi. Abin da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu yake tafiya. Ban ce kada a yi addu'a ba. A yi ta, a yi tofi, amma a kan hanya, yaro na bisa babur.

Da rani kuma, lokacin iska da ƙura zuwa zafin bazara, sanƙarau ne abin tsoro. A 2015 ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da wuyan da ya ƙi lanƙwasuwa, ko maɗigar jariri ta kumbura: wannan kiran ba na gidanku kaɗai ba ne, na garin ne duka, don da majo ya ji da wuri ake tare shi kafin ya bazu. Haka zawo da amai mai kama da ruwan shinkafa da ya kama manya biyu ko uku a unguwa ɗaya.

Ga manya, in dattijo na zaune lafiya sai baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ɗaya ya saki, mukan ce iska ta buge shi. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma kowace awa da aka ɓata tana tafiya da wani abu da ba ya dawowa. Ciwon ƙirji mai danna mutum har gumi ya karyo, shi ma haka.

Saran maciji ina so in ɗan tsaya a kansa, don yana da yaudara. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa, takan sari mutum a gona ya ga abin bai kai ya kawo ba, ɗan kumburi ne da zogi. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu a ga dasashi na jini, fitsari ya yi ja, wurin saran ya ƙi tsayawa. Kada a jira wannan. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya har jini ya tsaya, kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. A cire zobe da munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin kada ya taka da ƙafarsa. Amfanin kira a nan babba ne: ka tambayi majo ko akwai allurar dafi a wurinsa, ko kai tsaye Dakoro za a wuce, don kada a yi tafiya biyu. Harbin kunama ga ƙaramin yaro ma asibiti ne. Cizon kare kuwa, a wanke da ruwa da sabulu na minti goma sha biyar, a tafi ranar, ko da ciwon ƙarami ne.

Rijiyoyinmu na nan masu zurfi ne ƙwarai. In mutum ya faɗa, ko mai yasa ya yi shiru a ƙasa, zuciya takan ce wa ɗan'uwansa ya dira. A nan ake rasa mutum biyu ko uku a maimakon ɗaya, domin iskar gindin rijiya takan lalace, balle in an kunna inji a ciki, kuma ba a ganin lalacewarta da ido. A kira 18, a kira maigari, a nemo mahaƙa rijiya na garin da suka san aikin. Ba mai sauka sai da igiya a ƙugu da mutane riƙe da ita a sama.

Wutar daji kuwa kowa a Dakoro da Bermo ya san ta. Shekarar da damina ta yi kyau, ciyawa ta yi kauri, ita ce shekarar fargaba. A 2021 wutar daji ta cinye fiye da hekta 500,000 na makiyaya a ƙasar nan. Garwashin shayi da aka bari, ko guntun taba, shi ne mafarinta, kuma da iskar hunturu ta kama ta, ta fi mai gudu sauri. Wanda ya fara hango hayaƙi shi ne mai kira, kada ya ce ai wani ya riga ya faɗa. Ya kira maigari ko arɗo, da ma'aikatan gandun daji, da ofishin magajin gari. Ya faɗi inda hayaƙin yake, da inda iska ta nufa, da rugage ko rumbunan da ke gabanta. Labarin iskar nan shi ke sa a kwashe yara da dabbobi tun da wuri.

Gobarar gida, a fara fitar da mutane, sannan a yi ta kaya. A ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, bayan irin haka ta faru a Yamai cikin Afrilun shekarar. Zana da kara minti kaɗan suke ɗauka, don haka malamin da ke koyarwa a rumfa ya san ta ina yara za su fita tun kafin ranar. Wutar esans ba a zuba mata ruwa, rairayi ake zubawa, kuma wannan magana ta masu sayar da mai a kwalba ce musamman. In motar mai ta faɗi, a yi nesa da ita a kira 18. A watan Mayun 2019, kusa da filin jirgin saman Yamai, mutum fiye da 50 ne suka ƙone nan take suna ɗibar man wata tanka da ta kife. Wanda ya ƙone a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na kamar minti ashirin, ban da man goge haƙori, ban da ƙwai, ban da toka.

A haɗarin mota ko babur, a fara jefa rassa a hanya ta gaba da ta baya don kada wata motar ta hau kan mutane. Inda jini ke zuba a danna da tsumma mai tsabta, a riƙe, kada a yi ta ɗagawa ana leƙawa. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ɗauke shi hannu da ƙafa kamar buhu. A sa shi a kan ƙyaure ko katako, kai da wuya da baya a miƙe. Wanda ya suma amma yana numfashi a juya shi ta gefe a hankali, kada a ba shi ruwa. Samari, ku da salula ke hannunku, ina roƙonku: kafin hoto, kira. Kuma hoton wanda ke kwance cikin jini ba abin yaɗawa ba ne, uwarsa na iya ganinsa a WhatsApp kafin a je mata da labari.

Da damina a kula da kwari da gidajen ƙasa. Ambaliyar 2024 ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, jihar Maraɗi kuma na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Bangon da ya sha ruwa ya tsage ba a kwana a gindinsa, ruwan kwari mai gudu ba a gwada shi da ƙafa ko da babur.

Akwai kuma kiran da ake yi kafin a zub da jini. Lokacin da amfanin gona ke tsaye, dabbobi kuma na gangarowa kudu, ɓarna takan faru. In ka ga an fara taruwa da sanduna da takubba, wannan ma gaggawa ce, daidai da gobara. A kira maigari da arɗo da jandarma tun ana cacar baki. Dattawan jihar nan ba su manta da Toda ba, inda a watan Oktoban 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da 100, akasari mata da yara. In kuwa ɓarayin dabbobi ne ko masu bindiga, ka fara tsira da kanka, sannan ka kira a inda ba a jin ka. Ka faɗi yawansu, da abin hawansu, da inda suka nufa. Kada ka bi sawu kai kaɗai.

To, an ɗauka, me za ka ce? Mu mutane ne masu gaisuwa, kuma abin alfahari ne, amma a wannan kira sallama ɗaya ta isa. Fara da wuri, domin in rezo ya yanke bayan daƙiƙa goma, gara a san inda kake ko ba a san sauran ba. Ka faɗi sunan garin da ƙaramar hukumar, ka ce cikin Korahane ta Dakoro, don garuruwa masu suna iri ɗaya suna da yawa. Sabon Gari nawa ne a jihar Maraɗi? Ka ba da alamar da baƙo zai gane da dare: makaranta, famfo, masallacin Juma'a, eriyar salula, inda ake sauka daga babbar hanya. Sannan abin da ya faru, a gajarce: mace ce ta haihu awa ɗaya da ta wuce, jini bai tsaya ba. Sannan mutum nawa ne, babba ko yaro, yana magana ko ba ya yi, yana numfashi ko a'a. Sannan sunanka. In an yi maka tambayoyi kada ka hasala, da amsarka ake sanin abin da za a tanada. Kada ka kashe sai an ce ka kashe. Ka yi magana da harshen da ka fi iyawa. In ba ku fahimci juna ba, miƙa wa na kusa da kai.

Bayan kiran, a bar wannan salular a buɗe, kada a shiga sanar da dangi da ita har wanda ke tafe ya kira ya ji ana magana. A tura yaro mai wayo bakin hanya da tocila. In an ce ku taso a haɗu a hanya, ku taso, ku faɗi ta wace hanya za ku bi. A ɗauki katin awo ko katin rigakafin yaro, da kwalin duk maganin da aka riga aka sha, a kuma faɗi gaskiyar abin da aka ba shi a gida, ko jiƙo ne. Idan mai jego ce ke zubar da jini, ƴan'uwa biyu ko uku masu ƙarfi su bi ta, don ana iya neman jini a Dakoro. Kuma kada a yi wa majo bip ana jiran ya kira. Mai barci ba ya jin bip. A kira, in bai ɗauka ba a sake, in bai ɗauka ba a kira na gaba a jerin, ana yi ana tafiya.

Duk wannan yana buƙatar salula mai rai. Kowane gari ya san tudun da rezo ke kamawa. A tabbata mata ma sun san shi, kuma akwai mai raka su da dare. In akwai layi biyu a gida, na Airtel da na Moov ko Zamani, wanda ya ƙi wani ya yi. Gidan da ke da mai ciki wata tara ko yaro marar lafiya, kada a kwana da salula ba caji, kada kuma maigida ya tafi da ita ya bar gidan ba ko ɗaya. A bar kiredin da ba a taɓawa, domin lambar majo da ta mai kabu-kabu ba kyauta ba ne. A rubuta lambobin da manyan baƙaƙe a bangon zaure ko a bayan katin awo, saboda ranar da salularka ta mutu, da ta maƙwabci za a kira.

Iyaye ku ja kunnen yara a kan wasa da 15 da 17 da 18. Mai ɗaukar kiran mutum ne, layin kuma ba shi da yawa. Duk minti ɗaya da aka riƙe shi da wasa, wani na can yana jin layi a cike. Amma kai da ke da dalili na gaskiya, kada tsoron a ce ka tada mutane a banza ya hana ka. In ka kira aka duba aka ce ba komai, ba ka yi laifi ba, ma'aikatan lafiya sun fi son wannan da a kawo musu mutum bayan lokaci ya ƙure.

Masu garuruwa da limamai da shugabannin mata na Korahane, ina roƙon a ɗauki wannan magana a kai ta masallaci ranar Juma'ar nan, a kai ta wurin suna da wurin awo. A zauna a fitar da sunan masu babur biyu da za su riƙa tashi da dare, a san wa ke riƙe da kuɗin esans, a aika mutum ɗaya ya karɓo lambar majo da ta jandarma a rubuce. Lokacinmu ya cika. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.